Yadda Na Ɗora Wa Tsohuwar Kwamfutata Kayan Da Ya Fi Ƙarfinta

Jama'a, duk wanda ya san unguwar Gamboru ta birnin Maiduguri ya san abin da ya same mu ran 10 ga watan Satumba na 1924 da ɗari, watau 2024, sa'ad da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya malale kasuwa da gidaje. Ɗan shagon da nake buga takardu da wanke hotuna a cikinsa bai tsira ba. Injin kwafe takardu ya tafi, firinta ta tafi. Abu guda ya kuɓuta, wata tsohuwar kwamfutar tebur ta gwanjo, ƙirar wajen 2012, domin Allah ya sa tana bisa kanta a lokacin.

Da ita muka sake tashi. Ɗan ƙanena da ke zaune wurina ya koyi haɗa bidiyon biki, aikin kuwa ya fi bugun takarda kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Amma fa tsohuwar nan sai ta yini tana nishi a kan bidiyon rabin sa'a. Ran nan yaron ya ce mini, "Baffa, abin da ta rasa katin hoto ne." Watau wani allo ne mai fanka da ake cusawa a cikinta, ya ɗauke wa ƙwaƙwalwarta wahalar zana hoto. Bayan ƙaramar Salla, cikin watan Afrilu na 2025, na kwashi adashina na sayo wani na hannu, GTX 1060 na kamfanin Nvidia, wanda ya fito a 2016. Ga bidiyon ɗaurin aure biyu mun riga mun karɓi kafin alƙalami a kansu.

Muka cusa shi, muka kunna. Fanka na juyawa, allon kallo kuwa baƙi ƙirin. Kuskuren farko namu ne, har da ban dariya: mun bar wayar allon a tsohon raminta, alhali kuwa da zarar an sa kati, daga bakinsa hoto ke fita. Da muka zo mayar da ita sai muka tarar ba ta da mazauni. Allon namu na dā ne, mai shuɗin kan nan da ake kira VGA, katunan wannan zubi kuwa an daina yi musu hanyar irin wannan sigina. Tilas muka ɗauko talabijin daga gida muka haɗa da wayar HDMI.

Sa'an nan rubutu ya bayyana, yana cewa a kashe a ba katin wutarsa. Ashe ramin da ake cusa kati a babban allo ba ya ba da abin da ya wuce wat 75, shi kuwa wannan yana shan wat 120. Ragowar ta wata waya mai baki shida take zuwa daga akwatin wuta, tamu kuwa ba ta da ita. A nan ya kamata in tsaya in yi tunani. Ina! Sai na aika aka sayo 'yar mahaɗa mai arha, muka saci wuta daga wayar faifan ajiya. Hoto ya fito tangaran, muka yi ta murna, har na saya wa yaron tsire.

Murnar ba ta kwana ba. Muddin rubutu ake yi, lafiya lau. Da an fara sarrafa bidiyo, minti goma ko sha biyar, sai kwamfuta ta mutu ɗif, kamar an hure fitila. To, mu mutanen Maiduguri mun saba ɗora wa wuta laifin kome, kuma ba a banza ba: tun da aka fasa turakun layin Damaturu a watan Janairu na 2021 muka yi watanni cikin duhu, kowa ya koma ga janareto da hasken rana. Saboda haka na fara zargin janareto, na kai shi aka wanke. Ba ta sāke zani ba. Na zargi zafi, don a Afrilu garin nan kan haura digiri 40, muka buɗe murfinta muka kafa mata fankar tebur. Ta ƙara minti biyar kawai. Muka sauke manhajar katin muka sake ɗorawa har sau uku. Kwana huɗu ke nan, uwar amarya kuwa ta aiko sau biyu.

Da na rasa wanda zan zarga sai na koma kan yaron da ya sayar mini. Na same shi a gaban abokan sana'arsa, na ce ya sayar mini da mushe. Kai, na faɗi maganganun da ba su dace da furfurata ba. Bai ɗaga murya ba. Ya karɓi katin, ya sa a tasa kwamfutar, ya sakar mata aiki mai nauyi har muka yi sallar La'asar muka dawo, kati na aiki bai ko yi tari ba. Sa'an nan ya ce, "Baba, a kawo mini kwamfutar in gani."

Da aka kawo, bai dubi katin ba sam. Ya haska tocila a jikin akwatin wuta, ya nuna mini wata takarda da ke manne, wadda ban taɓa karantawa ba ko sau ɗaya: wat 240. Ya ce in yi lissafi da kaina. Kati na neman 120, ƙwaƙwalwa na neman wajen 77, ga faifai, ga fankoki, ga babban allo. Daɗin daɗawa, akwatin da ya shekara goma sha uku yana shan ƙurar hunturu da zafin bazara ba ya ba da abin da aka rubuta a jikinsa. In kaya ya yi masa yawa sai ya yanke wuta don ya tsare kansa, abin da muke gani ke nan. Masu katin ma akwati mai wat 400 suka ce a nema masa. Game da mahaɗar nan tawa kuwa, ya ce in gode Allah da ba ta narke ta tayar mini da gobara ba, don siraran wayoyin faifai ba a yi su domin wannan nauyi ba.

Na ce to a sauya akwatin mana. Ya girgiza kai. Yawancin kwamfutocin ofis da ake kawo mana gwanjo, masu ƙera su kan yi musu akwati da baki na musamman, na kasuwa ba ya shiga sai da dabaru. Shawararsa ita ce in koma ga ƙanen wannan katin, GTX 1050 Ti, wanda wat 75 na ramin ke isarsa, ba ya bukatar wata waya. Bai kai wancan gudu ba, amma ya fi abin da muke da shi sau da yawa.

Ya karɓi nasa, ya ba ni ƙaramin, ya ƙirgo cikon kuɗina ya miƙo mini, ko naira bai rage ba. Wannan ciko ya fi mini zagi ciwo. Na tsaya a wurin da na ci mutuncinsa, a gaban mutanen da suka ji, na ce ya yafe mini. Ya ce, "Haba Baba, ai ba kome," ya ci gaba da kwance wata kwamfuta.

A daren nan bidiyon farko ya kammala cikin minti arba'in, na biyu ya bi shi kafin asuba. Da hantsi yaron ya hau keke ya kai wa uwar amarya nata, ni kuwa na mayar da talabijin gida, don mai ɗakina ta fara tambaya.