Baƙon Da Ya Zama Mai Masauki

Shekarun baya, kafin yaƙi, wata hidimar takardu ta kai mu Khartum daga Mai Wurno, muka sauka kwana biyu a otal ɗin Acropole da ke titin Zubair Pasha. Ginin tsoho ne, ba shi da ƙyale-ƙyale. Bangonsa cike yake da hotuna da wasiƙun godiya na 'yan jarida, ma'aikatan agaji da masu tonon kufai da suka taɓa kwana a ciki.

Wani mutumin Girka, Panagiotis Pagoulatos, shi ya buɗe gidan a 1952, 'ya'yansa suka gaje shi. A 1988 an kai wa otal ɗin harin bam, aka rasa rayuka, amma suka ci gaba da karɓar baƙi. Abin da ya shahara a kansu shi ne ɗawainiya: su nema wa baƙo izinin tafiya, su haɗa shi da mota, su nuna masa ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Da dare muna shan shayi, sai babbanmu ya ce: "Ai wannan fatoma ne." Gaskiya ya faɗa. Haka masu masaukin zango suke yi wa fatake da alhazai tun zamanin tafiyar ƙasa. Kakanninmu ma baƙi ne. Wasu sun biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, wasu niyyar Makka ta kawo su, noman auduga a Jazira ya tsayar da su. Da suka zauna, su ne suka riƙa sauke na bayansu, su ba su tabarma da tuwo ba tare da sun nemi ko sisi ba.

Bambancin kawai, Acropole yana da littafin baƙi, zaurukanmu kuwa ba su da shi.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya rufe otal ɗin, iyalin suka bar ƙasar bayan shekara saba'in. Duniya ta rubuta labarinsu, kuma sun cancanta. Mu ma yaƙin ya tarwatsa unguwanninmu, dattawan da suka san wa ya sauki wa suna ta ƙarewa a gudun hijira.

Wanda duk yake da tsoho a kusa, ya tambaye shi a zauren wa kakansa ya fara kwana a Sudan, ya rubuto mana sunan. Allah ya maido da zaman lafiya, ya jiƙan masu masaukinmu.