"Ba zan iya ba" a saman gajimare

Da yawa daga cikinmu mun ɗauka in jirgin sama ya ƙara nisa da ƙasa, ya ƙara samun sarari ke nan. Ba haka abin yake ba. A tsayin mita 10,000, kaurin iska kusan kashi ɗaya cikin uku ne na wadda muke shaƙa a Maraɗi. Da iska fiffike yake ɗaukar nauyi, da ita kuma inji yake samun ƙarfi. In ta yi ƙaranci, dole jirgi ya ƙara gudu don kada ya faɗo. Amma gudun ma yana da iyaka: in ya kusanci gudun sauti, iskar da ke bi ta kan fiffike sai ta rikice. Duk hawan da aka ƙara, iyakokin nan biyu suna ƙara matsowa kusa da juna, musamman in jirgin ya yi nauyi da mai da kaya.

Daren 24 ga watan Yuli 2014, jirgin Air Algérie mai lamba 5017, ƙirar MD-83, ya tashi daga Wagadugu za shi Aljeriya da mutum 116. Damina ce, akwai hadari a hanya. Ya kai ƙafa 31,000, yankin da masu kula da zirga-zirgar jirage na Yamai ke lura da shi. Bincike ya nuna matuƙan ba su kunna na'urar hana ƙanƙara ta injin ba. Ƙanƙara ta toshe ma'aunin ƙarfin inji, ma'aunin ya nuna ƙarfi ya wadata alhali ya gaza. Cikin minti biyar da ɗan kai gudun ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku, fiffike ya kasa, jirgin ya faɗi kusa da Gossi a Mali. Babu wanda ya tsira. Allah Ya jiƙan su.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne ba a samu kiran neman agaji daga jirgin ba. Mai kula da ke ƙasa shi ke raba wa jirage matakan tsayi, ƙafa 1,000 tsakanin wannan da wancan, amma ba ya jin nauyin jirgi, ba ya duba allon da ke gaban matuƙi. Abin da aka faɗa masa da shi yake aiki. Shi ya sa a ƙa'idar maganar rediyo aka tanadi kalma guda mai nufin "ba zan iya ba". In an ce wa matuƙi ya hau sama alhali nauyinsa bai yarda ba, ita zai faɗa, a nemo masa wani mataki. Ba rashin kunya ba ne, aikin ke nan.

A nan ne nake tuna ajina. Na gama bayani, na tambaya an gane, dukan ƴan lakwal su amsa "e, mushe", sai takardar jarrabawa ta tona asiri. Mu muka koya musu haka, a gida da makaranta: babba ya yi magana, ka ce "to". Ladabi abu ne mai kyau, amma yaron da bai taɓa samun izinin cewa "ban gane ba" ba, wuya ya ce "ba zan iya ba" ranar da rayuka ke hannunsa.

Wannan ba maganar nesa ba ce. A Yamai makarantar EAMAC ta hukumar ASECNA take, inda ake horar da masu kula da jirage na ƙasashen Afirka da dama. Wasu daga ƴaƴanmu can za su.

Yanzu na bar tambayar "kun gane?". Sai in ce kowa ya rubuta abu ɗaya da ya shige masa duhu, in fara darasin gobe da shi. Iyaye, in yaro ya ce aike ya fi ƙarfinsa, ku tambaye shi dalili kafin ku tsawata.