Kintinkirin Auren Ɗiyar Wana

Duk wanda ya san ƙasar Yauri ya san ba abin mamaki ba ne a tarar da gida guda, wa yana zuwa coci ran Lahadi, ƙanwa tana azumin watan Ramalana, alhali tukunyarsu ɗaya. Haka gidanmu yake a Wara, hedkwatar ƙaramar hukumar Ngaski, a bakin tafkin Kainji. Wana ɗan cocin UMCA ne, wadda 'yan mishan ɗinta suka daɗe a Salka da Zuru da Yelwa. Ni kuwa Musulma ce, sana'ata ɗinki.

Ran 26 ga Mayu, 2021, jirgin ruwan nan da ya taso daga jihar Neja ya nutse kusa da Wara da mutane fiye da 100. Wana yana cikin waɗanda ba su dawo ba. Saboda haka da auren ɗiyarsa ta fari ya taso bayan shekara 2, babu uban da zai riƙe hannunta ya shigar da ita coci, babu kuma kuɗin ɗauko masu ƙawata wurin biki daga Yelwa ko Kontagora, waɗannan da kan zo da yadudduka da furannin roba, su kafa da safe su kwashe da yamma.

Yarinyar ta same ni a shago, ta durƙusa, ta ce, "Goggo, ko babu ado ma za a ɗaura."

Na ce, "Ɗiyata, tashi. Muddin ina da almakashi, ba za ki shiga coci kamar marar dangi ba."

Na shiga mota zuwa kasuwar Yelwa na sayo ƙunshi 9 na kintinkiri, wanda 'yan matan yanzu suke kira ribom, 6 farare, 3 ruwan hoda. Mai karatu zai ga kamar abin wasan yara ne. To, ba haka ba ne. Kowane benci yana bukatar ƙulli guda a gefen da amarya za ta bi, bencuna kuwa 24 ne, ga na ƙofa, ga na mota, ga furen da za a maƙala wa ango da abokansa a ƙirji. Ƙulli ɗaya yakan ci yadi 2. Sai ki naɗa kintinkirin a yatsu 4, ki yi kunnuwa 6, ki matse tsakiya da zare, sannan ki buɗe kunnuwan ɗaya bayan ɗaya har su tashi. Jelar kuwa a yanka ta kamar wutsiyar kifi, a ɗan gifta bakin a harshen kyandir don kada ya zare. Nan ne gwaninta take: in an matsa kusa ya yi baƙi, in an yi nesa bai kama ba. Fure ya fi wuya, domin ana lanƙwasawa ne ana murzawa, ana soka allura a gindi a kowane zagaye, har ya fito kamar fure mai shirin buɗewa.

Ga shi lokacin hunturu ne, ƙura ba ta ƙaunar farin abu. Duk wadda za ta taɓa sai ta wanke hannu, wanda aka gama kuma a jefa cikin kwalla a rufe.

Dare 5 muka yi a tsakar gida. Matan Zumunta suka zo da waƙoƙinsu, maƙwabtana suka zo da hijabansu, in an kira Isha'i mu tashi, su ci gaba, mu dawo mu karɓa. Akwai wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi, wadda idonta bai ganin kafar allura. Ita aka ba riƙon kyandir, kuma ba ta yi fashi ba ko dare ɗaya. Abin da ya sa nake ƙyashin masu adon haya ke nan, ko da yake aikinsu yana da kyau, ban musa ba. Da can gudummawar biki ba kuɗi kaɗai ba ce, wadda ba ta da sisi takan kawo hannunta. In aka biya baƙo ya yi komai, ina wannan tsohuwa za ta zauna?

Ran Asabar da sassafe muka ɗaure su da zare, domin fasto ya roƙa kada a buga ƙusa a bencuna. Na zauna a bencin ƙarshe. Ƙanen mahaifinmu ne ya riƙo hannun amarya, iskar tafki tana shigowa ta taga tana kaɗa jelar kintinkiri hagu da dama. Uwar amarya ta dube su, ta sunkuyar da kai, ta daɗe ba ta ɗago ba.

Da aka watse, matan Zumunta suka kwance su a hankali suka mayar cikin kwalla. An ce mini sun yi aure 3 bayan namu. Guda 23 suka samu, domin na bencin gaba, inda wana ya saba zama, amarya ta cire ta tafi da shi ɗakinta.