Kasuwar Rano Ta Fi Kibiya Girma?

Yau ku yi mini afuwa, ci gaban littafinmu sai mako mai zuwa, wata magana ce ta tsaya mini a rai.

Duk wanda ya zauna WAEC ko NECO, ko ya yi JAMB wadda ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, ya san tarkon kwatance a takardar Turanci. Za a rubuta maka: "The market in Rano is bigger than Kibiya", a ce ka gyara. Yaro ya duba sama ya duba ƙasa, bai ga aibu ba. Alhali an ɗauki kasuwa an gwada ta da gari sukutum! Abin da ake nema shi ne "than the one in Kibiya".

Abin takaicin, wannan gyaran yana bakinmu tun muna goye. Wace tsohuwa ce a Rano za ta ce kasuwarmu ta fi Kibiya girma? Cewa za ta yi ta fi TA Kibiya. Wannan 'yar ƙaramar "ta" ita ce "that of" ɗin da ake ta haddace wa yara da bulala.

'Yar yayata da ke Kibiya sau biyu Turanci yana hana ta kiredit, kuma ba kiredit ba jami'a. Mahaifinta ya ce kuɗin rajista na uku shi ne na ƙarshe, daga nan sai ɗakin miji. Ni dai sakandire na tsaya, amma mai rubuta soyayya kwatance ne abincinsa, kullum muna gwada idon budurwa da na barewa. Sai na sa ta riƙa mayar da kowace tambaya Hausa kafin ta zaɓi amsa, ta tambayi kanta: me aka gwada da me?

Inda Hausar ke yaudararmu kuwa shi ne "ya fi kowa". Mu kan ce Audu ya fi kowa tsawo a ajinsu, magana ta zauna. Bature kuma sai ya ce ai Audun ma ɗan ajin ne, ya fi kansa ke nan? Dole a saka "else" ko "other" a cire shi daga lissafi. Wannan kam sai da muka kwana uku a kansa, tana rantsuwa da Allah neman fitina ne kawai irin na Turawa.