Gem Ɗin Burga Da Gem Ɗin Zahiri: Wanne Ya Fi Ci?

Mai karatu, a gidajen gem na garinmu Kafin Hausa ƙwallo ce sarauniya. Wannan ya ɗauki Barcelona, wancan ya ɗauki Chelsea, a yi ta ihu har mai shago ya ce lokaci ya cika. Ni kuwa tun ina ƙaramar sakandare wani gem daban ne ya tafi da ni, wato na allon sulu, katakon nan mai ƙananan tayu huɗu da Turawa ke kira skateboard. Abin dariyar shi ne a lokacin ban taɓa ganin allon ido da ido ba. To ina ma za ka tura shi? Lungunanmu duk rairayi ne.

Gem ɗin wannan wasa kashi biyu ne, kuma na daɗe ina musu da abokai a kan wanda ya fi. Na farko shi nake kira na burga. Ubansu shi ne Tony Hawk's Pro Skater, wanda kamfanin Neversoft na Amurka ya yi a 1999. Mu na ukunsa muka tarar, na 2001, a kan PlayStation 2. Tsarinsa ba wuya: a ba ka minti 2, ka tara maki, ka tsinto haruffa biyar da aka warwatsa, ka nemo kaset ɗin da aka ɓoye. Ɗan wasanka zai yi sulu a kan wayar lantarki, ya dira daga wannan rufi zuwa wancan, ya faɗo daga bene ya miƙe ya karkaɗe riga kamar ba a yi ba. Shi kansa Tony Hawk mutum ne na gaske. A 1999, a gasar X Games a San Francisco, ya yi juyi biyu da rabi a sama, abin da ake kira 900, bayan ya sha faɗuwa a gaban jama'a. Amma a gem, yaro ɗan shekara goma zai yi wannan juyin da maɓalli uku yana cin gyaɗa.

Na biyu shi ne na zahiri. Wannan sai da na je Dutse karatun difloma na gamu da shi, a ɗakin wani abokina mai PlayStation 3. Sunansa Skate, kamfanin EA ya fito da shi a 2007. Kai jama'a! Ranar farko ko tsalle ɗaya mai kyau ban iya ba. A nan ba maɓalli ake latsawa ba, analog ɗin dama za ka ja ƙasa ka fizgo sama, kwatankwacin yadda ƙafa ke taka allon. Kyamarar ma an sauke ta ƙasa dab da tayu, don ka riƙa ganin abin da ƙafa ke yi. Waɗanda suka biyo baya, Skater XL na 2020 da Session na 2022, sun ma fi tsanani: analog ɗin hagu ƙafar hagu, na dama ƙafar dama, babu ma makin da ake tarawa. Sai ka yi rabin awa a kan matakala ɗaya. Amma wallahi ranar da ka sauka daidai, daɗin da za ka ji ya fi na maki miliyan.

To wanne ya fi? Ni dai a nawa ganin, amsar tana aljihunka. Yaron da ya tara kuɗin tararsa na kwana biyu ya kai gidan gem, ga layi a bayansa, ga NEPA na iya ɗaukewa kowane lokaci, ga mai shago na lissafin man janareta, wannan ba shi da rabin awar da zai ɓata yana faɗuwa. Minti biyun Tony Hawk kamar don shi aka yanka su. Gem ɗin zahiri kuwa na mai na'urarsa ne a ɗaka, mai wuta da lokaci. Shi ya sa nake jin haushi in na ji wasu 'yan birni na cewa gem ɗin burga na yara ne. Wanda bai taɓa bin layin fad ba, ba zai gane ba.

Na san wani zai ce me ya kawo zancen gem a mujallar fim? Ai musun ɗaya ne da wanda ake yi a industiri tun zamanin Sangaya da Wasila. Wasu na cewa rawa da waƙa ƙarya ce, ba a taɓa ganin saurayi da budurwa na zagaya bishiya suna canza kaya sau biyar a ƙasar Hausa ba. Wasu kuma na cewa in zahiri kake so, ka leƙa tsakar gidanku, ba sai ka sayi fim ba. Daga baya shiri irin Daɗin Kowa na tashar Arewa24 ya nuna cewa rayuwar unguwa ma tana da 'yan kallonta.

Abin da gem ya koya mani a nan shi ne, ɗan kallo ba ya gudun ƙarya in an yi masa ita da ƙa'ida. Tony Hawk bai taɓa ce maka ga yadda duniya take ba. Tun minti na farko ya nuna maka a nan ana tashi sama, kuma bai saɓa ba har ƙarshe. Skate ya ce a nan ƙasa tauri gare ta, shi ma ya tsaya a kan maganarsa. Inda wasu daraktocinmu ke kwafsawa shi ne haɗa biyun ba sallama. An fara fim da talauci da kuka, mun zauna mun yarda, kwatsam sai ga jarumin da ba shi da na koko ya bayyana a lambu da shadda kala uku. Ko kuma fim na barkwanci da waƙa, ana cikin nishaɗi sai a juye shi ya koma wa'azi. Ka yi tunanin kana tsakiyar sulu a kan waya a ce maka daga yanzu in ka faɗo ka karye. Ai jefar da fad ɗin za ka yi.

Don haka furodusoshi da daraktoci, ku yi haƙuri da ƙaninku, shawara ce: tun kafin a ɗora kyamara ku yanke wane irin wasa za ku buga da mu, na burga ko na zahiri. Kowanne akwai masu sonsa, kowanne akwai kasuwarsa. Ku kuma samari 'yan'uwana, duk wanda Allah ya hore wa allon gaske, ya tuna kwalta ba ta san Tony Hawk ba, kuma a waje babu maɓallin sake farawa. Allah ya sa mu dace, amin.