RANAR DA HEDIMASTA YA ƘI CIKE MANA FOM

Kwanakin baya wani amininmu na ƙuruciya, wanda Allah Ya buɗa masa a kasuwar Kantin Kwari, ya yi mana sallama bayan sallar isha'i, fuskarsa babu walwala. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, 'yarku na kawo ƙara. Sakamakon JAMB ya fito, ta ci makin da zai kai ta karatun lauya ko haɗa magunguna, amma ta kafe wai ita koyarwa za ta karanta. Ku da kuka sha wuyar abin, ku kira ta ku gaya mata gaskiya, ta je ta canza tun ba a rufe ba."

Muka yi shiru muna duban tabarma, domin kuwa abin da Alhaji yake nema a wurinmu ya fi shawara nauyi. So yake mu auna shekara talatin da wani abu da muka yi muna shaƙar ƙurar alli, sannan mu faɗa da bakinmu ko riba muka ci ko asara muka yi. Wannan ne ya mayar da mu baya, zuwa wani zaure da ke lungunmu a cikin birni, inda mu da shi Alhajin muka taɓa durƙusawa da fom a hannu.

A hunturun farkon 1991 ne, lokacin da kowace majalisa a Kano ta kewaye rediyo ana sauraron labarin Yaƙin Tekun Fasha. Mu huɗu ne, mun gama sakandare, sakamako ya fito, kuma babu wanda ya haɗa kiredit ɗin da zai shigar da shi Jami'ar Bayero. Wannan Turanci ya kayar da shi, wancan lissafi. Sai manya suka ce, to, da babu gara ba daɗi, a nemi kwalejin horon malamai. Ba za mu ɓoye maka ba, ya kai mai karatu, babu ɗaya daga cikinmu da ya taɓa kwana yana mafarkin riƙe alli. Matsayin kwalejin a wurinmu shi ne na rumfar da mutum kan fake kafin ruwa ya ɗauke.

A 1989 ne gwamnati ta ƙara wa hukumar JAMB nauyin shirya jarrabawar shiga kwalejojin ilimi da na fasaha, saboda haka sai da muka yi layi a banki muka sayi fom. Muka je aka ɗauke mu hoton fasfo, muka yi zarya a sakatariyar ƙaramar hukuma har muka sami takardar shaidar zama 'yan asali. Saura cikewa. A lungunmu kuwa ba a cike fom sai a zauren Hedimasta, wani dattijo da ya yi ritaya bayan ya kwashe ƙuruciyarsa yana koyarwa a ƙauyukan Kano tun zamanin En'e. Shi ne mai akwatin gidan waya da duk lungun ke amfani da lambarsa, tunda gidajenmu ba su da adireshin da masinja zai gane. Shi ne kuma mai fensir da kilina da rubutu kamar na inji.

Muka gaishe shi muka miƙa fom. Ya gyara tabarau, ya duba ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗago ya ce, "Samari, me ya sa kuke son koyarwa?"

Muka kalli juna. Can sai wanda ya fi mu baki, shi ne Alhajin yau, ya ce, "Allah gafarta Malam, jami'a ce ba ta samu ba."

Hedimasta ya tattara fom ɗin nan guda huɗu ya tura ƙarƙashin buzunsa. Ya ce, "Madalla da ka faɗi gaskiya. Amma ni ba zan sa hannuna in tura wa 'ya'yan mutane wanda ya zo fakewa ba. Akwai yaran lungu da nake yi wa darasi tsakanin la'asar da magariba. Daga gobe na bar muku su har kwana bakwai. Wanda ya dawo yana so, zan cike masa."

Ranmu ya ɓaci, amma babu damar musu. Washegari muka tarar da yara fiye da ashirin a kan tabarma, da ɗan baƙin allo jingine da bango. Mu da muke ganin mun gama sakandare, ashe sanin abu daban, sanar da shi daban. Ka yi bayani har muryarka ta dushe, ka juyo ka ga rabinsu suna kallon akuyar da ta leƙo zaure. A rana ta uku abokinmu ya fusata ya kai wa wani yaro mari. Hedimasta, wanda ke gefe yana jan carbi, bai ɗaga murya ba. Da yara suka watse ya kira shi ya ce, "Kai kana da kaifin lissafi da zafin nema, amma ba ka da haƙurin jiran yaro. Wannan ba aibi ba ne. Je ka kasuwa, Allah Ya yi maka albarka." Ya zaro fom ɗinsa ya miƙa masa.

Mu kuwa akwai wani ɗan yaro da ya tsaya mana a rai. Yana aji uku, amma ya kasa raba "b" da "d", balle "ɓ" da "ɗ" masu lanƙwasa. Mun gwada tsawa, mun gwada lallashi, duk a banza. A rana ta biyar dabara ta faɗo mana, muka fita da shi ƙofar zaure, muka sa ya zana haruffan da yatsa a kan rairayi, manya-manya, yana faɗa yana zanawa. Can sai ya tsaya, ya dubi allo, ya karanta "ɓera" da "ɗaki" shi kaɗai, ya juyo yana dariya da giɓinsa. Wallahi abin da muka ji a ƙirjinmu a wannan yammaci ba mu taɓa jin irinsa ba. Da muka waiwaya sai muka ga Hedimasta yana kallonmu ta saman tabarau, bai ce komai ba.

Da kwana bakwai suka cika, mu uku muka koma. A nan ne ya zaunar da mu ya koya mana yadda ake zaɓen makaranta, abin da babu wanda ya taɓa gaya mana a sakandare. Ya ce kuskuren yara shi ne su fara da sunan kwaleji, alhali kuwa da darasi ake farawa. Takardar NCE shekara uku ce, kuma yawanci darussa biyu ake haɗa wa mutum, kamar Hausa da Turanci, ko Larabci da Addinin Musulunci, ko lissafi da kimiyya. Ya ce, "Ka zaɓi abin da za ka iya maimaitawa shekara talatin ba ka gaji ba. Sannan ka tambayi kanka, ƙananan yara kake so ko 'yan sakandare? Na ƙarshe, ka dubi aljihun mahaifinka. Makarantar da kuɗin motarta zai gagare ka a wata na uku, ba taka ba ce."

Daga nan ya shiga lissafa mana su kamar mai lissafa 'ya'yansa. Ga ta wajen Kabuga, wadda tsofaffi ke kira ATC, an kafa ta a 1961 da taimakon Amurka, ta daɗe a ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, kafin ta koma Kwalejin Ilimi ta Tarayya a 1990. Ɗan cikin birni zai iya zuwa a keke ya dawo ya ci tuwon gida. Ga ta jiha a Kumbotso, kan titin Zariya. Ga ta Bichi ga mai son koyar da sana'ar hannu da fasaha. Ga ta Gumel ga wanda zai iya zaman kwana nesa da gida. Wanda kuma zuciyarsa ke ga Larabci da shari'a, ga makarantar da ke ɗauke da sunan Malam Aminu Kano. Ya ce mu je kowace da ƙafarmu in da hali, mu leƙa ɗakin karatu, mu tambayi ɗalibai yadda ake fita gwajin koyarwa, kada mu dogara da ji-ta-ji-ta.

Haka aka yi. Mu muka zaɓi Hausa da Turanci a nan kusa da gida. Ɗayanmu ya zaɓi lissafi. Na ukun ya ce shi Gumel yake so. Abin dariya, ya cike fom yana neman kwalejin jiharsa, kafin ya zauna a aji an ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, Gumel ta tafi can, ya wayi gari baƙo a inda ya ɗauka gida ne. Watanni muka yi muna sintiri tsakanin akwatin Hedimasta da allon sanarwa na kwaleji, har ranar da muka ga sunayenmu.

To, kada mai karatu ya zaci daga nan sai daɗi. A 1991 ɗin nan gwamnatin soja ta rushe hukumar ilimin firamare ta ƙasa, ta mayar da albashin malamai hannun ƙananan hukumomi, malamai a sassa da dama na ƙasar nan suka shiga bin bashin watanni, har aka dawo da hukumar a 1993. Mu ma da muka fito mun ɗanɗana namu. Mun taɓa yin wata uku babu albashi a wata ƙaramar hukuma. Mun koyar da yara fiye da ɗari a aji ɗaya, wasu a kan taga. Mun ci bashin mai shago har muna canza hanya. An sha yi mana ba'a cewa ladan malami sai a lahira. Abokinmu mai lissafi ya yi shekara shida ya gudu banki, kuma ba mu ga laifinsa ba.

Amma akwai abin da muka lura da shi a ɗakin malamai duk inda muka zauna. Malamai iri biyu ne, wanda ya zaɓi aikin da wanda aikin ya tsinta. Wahala ɗaya suke sha, albashi ɗaya suke karɓa, amma na farko in ya shiga aji sai ka ji aji ya ɗauka, na biyu kuwa agogo yake kallo. Abin takaici, tsarin namu na biyun yake tarawa. A 2025 mafi ƙarancin makin da aka amince da shi don shiga jami'a 150 ne cikin 400, na kwalejin ilimi kuwa 100. Wato ƙofar da ta fi kowace faɗi ita ce wadda ake bi a je a riƙe ƙwaƙwalwar 'ya'yanmu. A ƙasar Finlan sai da digiri na biyu ake koyarwa a firamare, kuma ana rububin gurbin ne. Mu kuwa da Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu a 2017, aka ce 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun faɗi, sai kowa ya riƙe baki yana salati, kamar ba mu ne muka tura su can don sun rasa wurin zuwa ba. Shi kansa Alhaji kullum kukansa shi ne yana zuba kuɗi a makarantar kuɗi amma babu malaman kirki. Daga ina za su fito, in kowane uba ya hana nasa mai ƙoƙarin?

Mu marubuta ya kamata abin ya fi damu. Abubakar Imam yana koyarwa a Midil ta Katsina ya rubuta Ruwan Bagaja don gasar 1933. Abubakar Tafawa Ɓalewa malamin makaranta ne a Bauci lokacin da ya rubuta Shaihu Umar. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru kafin siyasa ta ɗauke shi. Littattafan da suka cika kasuwar Kano daga tsakiyar shekarun 1980 kuwa, wa ya saye su in ba yaran da shirin UPE na 1976 ya kai makaranta ba, da matan da suka koyi karatu a azuzuwan Hukumar Ilimin Manya da gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa a 1980? Duk mai karanta littafinka, akwai malamin da ya taɓa raba masa "ɓ" da "ɗ". Ranar da aka rasa wannan malami, mu rubuta mu ajiye wa gara.

Saboda haka muka ce wa Alhaji ya turo mana yarinyar. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Baffa, ga ni." Ba mu yi mata wa'azi ba, ba mu kuma ɓoye mata komai ba. Mun gaya mata zancen albashi da cunkoson aji da raini. Mun gaya mata cewa kwalejin Kabuga ta zama jami'ar ilimi, kuma da makinta tana iya neman digirin koyarwa kai tsaye, a can ko a Jami'ar Bayero, ta fara da zaɓen darasi kafin sunan makaranta. Sannan muka nuna mata yaran lungu da muke yi wa darasi bayan la'asar, muka ce mun bar mata su kwana bakwai.

A rana ta bakwai ta fito muryarta a dushe, hijabinta duk farin alli. Muka ce, "To, yaya?" Ta ce, "Baffa, alli ya ƙare. Kuma akwai wata yarinya da ta kusa gane rabawa, ina roƙon a ƙara mini kwana uku."

Da muka isar wa Alhaji, ya daɗe bai yi magana ba. Shi ma ya san zauren, ya san buzun. Daga bisani ya ce, "Ashe abin da ya gagare ni ita ta ɗauko." Fom ɗin dai ba a canza shi ba. Ko za ta dawwama a aikin, ko wata rana wuya za ta kore ta kamar yadda ta kori wasu, Allah ne Masani. Abin da muka sani shi ne da idonta a buɗe ta shiga.

Hedimasta ya daɗe da rasuwa, zauren ma magada sun mayar da shi shago. Allah Ya jiƙansa, Ya kai haske kabarinsa, Ya ba 'ya'yanmu malaman da suka zo don suna so. Amin.