Abin Da Korona Ta Koya Mana A Fatakwal



Mu mazauna Fatakwal ba mu da rijiyar mai ko ɗaya, amma a 2020 muka gane ashe da mai muke cin abinci. Mai tsire, mai shayi, ɗan canji, mai albasa, yawancin cinikinmu daga aljihun ma'aikacin kamfanin mai ko na gwamnati yake fitowa.

Da korona ta tsayar da jirage da motoci a duniya, ranar 20 ga Afrilu farashin ɗanyen mai a Amurka ya faɗi ƙasa da sifiri. Gwamnatin tarayya ta gina kasafin shekarar a kan dala 57 kowace ganga, dole ta sauke zuwa dala 28. Kamfanoni suka rage ma'aikata, aka rufe kasuwanni. A littafin ƙungiya da ke hannunmu, shafin kuɗin wata ya zama fayau, shafin neman taimako ya cika. Da aka buɗe hanya, wasu sai da suka sayar da teburinsu kafin suka samu kuɗin motar gida.

Mai ne ke kawo kusan kashi 90 cikin 100 na kuɗin da Najeriya ke samu daga kayan da take fitarwa, alhali bai kai kashi 10 na tattalin arzikin ƙasar ba. Wato jama'a suna gona da kasuwa, amma dala ta ƙofa ɗaya take shigowa. Kafin a gano mai a Oloibiri a 1956, gyaɗa da auduga da fata, da koko da manja, su suka riƙe ƙasar nan.

Mu ma muna da namu laifin. Tumatir yana ruɓewa a kwando kafin ya iso daga Kano, a kanti kuma na gwangwani ake saye. Fatar shanu ta tafi a ganda. Riɗi da citta da zoborodo ɗanye ake fitar da su, wanda ya sarrafa ya kwashe ribar.

Shi ya sa kwamiti ya kawo shawarar a ware wani kaso na asusunmu, a sayi injin niƙa barkono da citta da na liƙe leda, a sauya kwando da akwatin roba, a kuma kai matasanmu koyon sana'a. Wasu dattawanmu sun ce kuɗin asibiti da jana'iza ne, bai kamata a yi kasada da shi ba, ga matsalar wuta, ga tsadar mota tun da aka cire tallafin mai a 2023. Maganarsu abin dubawa ce. Amma a 2020 asusun ya ƙare ba tare da mun yi kasadar komai ba.

A taron ƙarshen wata za a yanke shawara. Kowa ya zo da ra'ayinsa.

Allah ya sa albarka a nemanmu.

Sakataren ƙungiya